Yadda Ake Renon Sarauniyar Tururuwa a Gida da Ƙoƙarin Samar da Sababbin Sarauniyoyi

Duk wanda ya yi niyyar kiwon tururuwa don sha'awa, ya kamata tun farko ya raba ayyuka biyu da mutane ke yawan haɗa su wuri guda. Aiki na farko shi ne a kama sarauniyar da ta riga ta yi barbara a waje, a ba ta wurin zama, a jira ta kafa gidanta. Wannan kowa zai iya, muddin yana da haƙuri. Aiki na biyu shi ne a reni gidan har ya balaga ya fitar da 'ya'ya masu fukafukai, sannan a sa su yi barbara a hannun mutum, a samu sabuwar sarauniya wadda ba ta taɓa ganin daji ba. Wannan na biyun yana da wuya ƙwarai, kuma masu kiwo da yawa sun shekara goma suna gwadawa ba su dace ba. Ba a isa ga na biyu sai an bi ta na farko, don haka da shi za mu fara. A nan ina amfani da kalmar tururuwa a kan dangin gaba ɗaya, har da cinnaka da kiyashi da sauransu, domin nau'o'in da masana suka tantance sun haura 14,000, kuma babu harshen da ya raɗa wa kowannensu suna.

Gane sarauniya da kama ta

Gidan tururuwa da ya ƙasaita yakan fitar da maza da matasan sarauniyoyi, dukansu da fukafukai, kuma ma'aikata sukan tsare su a ciki har sai ranar da yanayi ya dace. Ranar galibi takan zo bayan an yi ruwan sama, lokacin da ƙasa ta yi laushi, iska ta kwanta, gari ya yi ɗumi. Gidaje masu yawa na nau'i ɗaya sukan saki nasu a rana guda, su haɗu a sama su yi barbara. Namijin yana mutuwa ba da jimawa ba, ita kuwa macen sai ta sauko ƙasa, ta sa ƙafafunta ta karya fukafukanta, ta shiga neman ramin da za ta ɓuya. Maniyyin da ta karɓa a wannan tashi guda tana adana shi a wata 'yar jaka cikin jikinta, kuma da shi za ta yi ta haihuwa har ƙarshen rayuwarta. Rayuwar kuwa ba gajera ba ce, domin an taɓa riƙe sarauniyar baƙar tururuwar lambu ta Turai, wadda ake kira Lasius niger, kusan shekara 29 a hannun mai bincike.

Wannan 'yar tazara, tsakanin saukowarta da shigarta rami, ita ce damarka. Ka fita da 'yan ƙananan kwalabe masu murfi bayan ruwa ya ɗauke, ka duba gefen hanya, gindin bango, ƙarƙashin duwatsu, da kuma inda fitila ke haskawa da dare, saboda wasu nau'o'in da dare suke tashi. Abin da kake nema shi ne tururuwa wadda ta fi 'yan uwanta girma, tana tafiya ita kaɗai cikin sauri kamar mai neman mafaka. Girma kaɗai ba ya wadatarwa, don akwai manyan ma'aikata masu ƙaton kai da ke ruɗar sabon shiga. Ka dubi ƙirjinta. Ƙirjin sarauniya a kumbure yake, sau da yawa faɗinsa ya kai na kanta ko ya fi, saboda a nan tsokar tashi take, kuma idan ka sa gilashin ƙara girma za ka ga tabo a gefe da gefe inda fukafukan suka fita. Namiji kuwa siriri ne, ƙaramin kai gare shi da manyan idanu, yana kama da ɗan ƙaramin zanzaro, kuma ba ya zubar da fukafukansa. Kada ka ɗauke ta da yatsu. Ka kifa kwalbar a gabanta, ka tura ta ciki a hankali da burushin zane ko ganye, kuma kowace sarauniya a ba ta kwalbarta, domin a nau'o'i da yawa idan aka haɗa biyu ƙarshenta ɗaya ta kashe ɗaya.

Akwai kuskure guda da ya kamata a kauce masa tun a wannan mataki. Shinge, wato gara mai fukafukai, shi ma bayan ruwa yake fitowa, kuma shi ma yana zubar da fukafukai, amma ba dangin tururuwa ba ne. Fukafukansa huɗu tsawonsu ɗaya, jikinsa ba shi da siririn ƙugu, ƙahonnin sansanawarsa a miƙe suke. Tururuwa kuwa fukafukanta na gaba sun fi na baya girma, ƙugunta a tsuke yake, ƙahonninta a lanƙwashe kamar gwiwar hannu. Haka nan kada ka wahalar da kanka neman sarauniyar kwarkwasa, domin ita ba ta da fukafukai tun asali, ba ta tashi, gidansu rabuwa yake yi gida biyu idan ya cika.

Ɗakin farko

Sarauniya ba ta buƙatar babban gida a yanzu. Abin da take so shi ne ƙuntataccen wuri mai duhu da laima, irin ramin da da ta haƙa wa kanta. Mafi kyawun abin da masu kiwo suka gano shi ne bututun gilashi na ɗakin gwaje-gwaje, mai faɗin kamar milimita 16 da tsawon santimita 15, ko da yake manyan nau'o'i suna son wanda ya fi haka faɗi. Ka wanke hannunka da kyau, ka zuba ruwa mai tsabta har kashi ɗaya cikin uku na bututun, ka dunƙula auduga ka tura ta ciki da tsinke mai tsabta da sauri har ta taɓa ruwan. Saurin yana da dalili: idan ka tura a hankali iska za ta maƙale a bayan audugar. Ana so fuskar audugar ta jiƙe amma kada ruwa ya tsiyayo, kuma ta matse sosai yadda ko an kwantar da bututun ba zai yi ambaliya ba. Daga nan sai ka saka sarauniyar, ka toshe bakin da busasshiyar auduga wadda iska ke iya ratsawa, ka naɗe bututun da takarda mai kauri don ya yi duhu, ka kwantar da shi a cikin aljihun tebur ko kwali inda ba ya mirginawa. Ka rubuta ranar kamu da wurin da ka same ta a jikin takardar, domin wannan bayani zai yi maka amfani shekaru masu zuwa idan ka kai ga aiki na biyu.

Ɗumin da ya dace da yawancin nau'o'i yana tsakanin digiri 22 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. Rana kada ta taɓa bututun ko na minti kaɗan, domin gilashi yana tara zafi, kuma sarauniya na iya mutuwa kafin ka ankara. Ka nisanta shi da na'urar da ke jijjiga, da maganin sauro, da duk wani feshin kashe ƙwari.

Tambayar da kowa ke yi a nan ita ce me za a ba ta ta ci, kuma amsar ta danganta da nau'inta. Yawancin sarauniyoyi masu kaurin ƙirji da cikakken ciki, irin dangogin da masana ke kira Lasius da Camponotus da Messor da Pheidole, ba sa cin komai har sai 'ya'yansu na farko sun fito. Tsokar fukafukan da ba ta da sauran amfani ita ce jikin sarauniya ke narkarwa, tare da kitsen da ta tara a gidan uwarta, ta mayar da su abincin da take ɗura wa tsutsotsinta baki da baki. Abinci a bututun irin wannan sarauniya funfuna kawai yake jawowa. Akwai kuma wasu masu siririn jiki, irin Myrmecia ta Ostireliya da yawancin dangin tururuwa masu harbi da farauta, waɗanda dole su riƙa fita neman abinci tun suna su kaɗai. Waɗannan sai a sa bututunsu cikin ƙaramin akwati mai murfi, a buɗe bakin kaɗan, a riƙa ajiye musu ɗigon ruwan sukari da ɗan guntun ƙwaro sau ɗaya ko biyu a mako. Rukuni na uku su ne 'yan mamaya, kamar Lasius umbratus, wadda ba ta iya kafa gida da kanta sai ta kutsa gidan wani nau'i ta kashe sarauniyarsu, ma'aikatan su koma yi mata hidima. Sabon mai kiwo ya bar irin wannan tukuna. Saboda haka yana da kyau ka ɗauki hoton sarauniyarka daga sama da kuma daga gefe, ka nemi sanin aƙalla dangin da ta fito.

Jira

A nan ne mutane suka fi faɗuwa, kuma ni ma a nan na rasa sarauniyata ta farko. Kullum da safe sai na zare takardar na haska tocila ina ƙirga ƙwai, da yamma in sake. Wata rana na buɗe na tarar ƙwan da na ƙirga jiya babu ko ɗaya, tana tsaye a kan audugar tana ta yagar ta da baki tana neman hanyar fita. Ta cinye su ne saboda firgici, kuma ƙarfin da ta ɓatar bai dawo ba, ta mutu bayan 'yan makonni. Har yanzu abin yana damuna, domin ba wata cuta ta kashe ta ba, ɗokina ne. Dubawa sau ɗaya a mako ya isa, sau ɗaya a mako biyu ma ya fi, kuma ya zama leƙe ne na ɗan lokaci cikin haske mara ƙarfi, ba tare da girgiza bututun ba.

Idan komai ya tafi daidai, cikin 'yan kwanaki za ka ga ɗan tarin ƙwai farare masu ƙyalli, manne da juna, tana ɗauke da su a baki daga wannan gefe zuwa wancan gwargwadon laimar da take so su samu. Ƙwan sukan ƙyanƙyashe su zama tsutsotsi marasa ƙafa, masu lanƙwasa kamar ƙugiya. Bayan sun ƙoshi sai su shiga matakin rikiɗa. A wasu nau'o'in, kamar Lasius da Camponotus, tsutsar takan saƙa wa kanta kwanso mai ruwan ƙasa-ƙasa wanda mutane kan ɗauka ƙwai ne, a wasu kuma, kamar Messor da Pheidole, a tsirara take rikiɗa, ka gan ta fara fat da ƙafafu a naɗe, tana yin duhu a hankali. Daga ƙwai zuwa ma'aikaciya yakan ɗauki mako huɗu zuwa takwas a ƙananan nau'o'i, manya irin Camponotus kuwa sukan kai wata biyu ko fiye. Ma'aikatan farko ƙanana ne sosai idan aka kwatanta da waɗanda za su biyo baya, saboda da ɗan guzurin uwarsu kaɗai aka rene su, kuma launinsu yakan yi fari-fari a kwanakin farko kafin jikinsu ya yi tauri.

Da zarar ma'aikata sun fara yawo a bakin audugar waje, lokacin ciyarwa ya yi. Abincin tururuwa kashi biyu ne. Ma'aikata suna rayuwa da zaƙi, wato ruwan sukari ko zuma da aka sirka da ruwa, kuma ɗigo ɗaya kamar kan allura a kan guntun takardar aluminiyom ya ishe su, domin babban ɗigo nutsar da su yake yi. Tsutsotsi da sarauniya kuwa nama suke buƙata, wato ƙuda, gyare, ko ƙafar fara. Ƙwaron da aka kamo a waje a saka shi a firiza na kwana biyu ko a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa na daƙiƙa kaɗan, saboda yakan zo da wasu ƙananan halittu masu kama da kaska waɗanda ke manne wa tururuwa su hallaka gida. A guji ƙwarin da aka samo inda ake fesa magani. Abin da ba su cinye ba a cire shi da hantsaki washegari. Messor, masu tara hatsi, su ƙananan tsaba ake ba su, su tattauna su mayar da su wani irin ƙulli da suke ci.

Kada ka yi gaggawar fitar da su daga bututun. Idan ruwan ya ƙare ko audugar ta yi baƙi da funfuna, ka haɗa sabon bututu baki da baki da tsohon, ka rufe sabon ya yi duhu, ka bar tsohon a haske, su da kansu za su kwashe ƙwai su ƙaura, ko da zai ɗauke su kwanaki. Idan sun kai ashirin zuwa hamsin, sai ka sa bututun cikin akwatin roba ya zama filin kiwonsu, ka shafa wa saman bangon ta ciki hodar jarirai da aka dama da sifirit, wadda idan ta bushe ƙafarsu ba ta kama ta, ko kuma wani ruwa mai sa santsi da ake kira PTFE, wanda ake sayarwa don wannan aiki. Gida na dindindin sai bututun ya cika maƙil. Ana yin sa da garin filasta irin na ɗaurin karaya, a zuba shi a kan gilashi da aka manna wa ɗakuna na yumɓu, idan ya bushe a cire yumɓun, a bar rami a gefe ɗaya na zuba ruwa yadda ɓangare guda zai kasance da laima, ɗayan a bushe. Dabarar kallon tururuwa ta bayan gilashi tsohuwa ce: John Lubbock na Ingila ya riƙe gidaje tsakanin gilasai biyu tun shekarun 1870, Charles Janet na Faransa kuma ya nuna nasa gidan a baje kolin Paris na 1900. Gidan da ya yi musu girma illa ne, don sukan mayar da ɗakunan da ba kowa juji, funfuna ta tashi.

Nau'o'in ƙasashen sanyi suna buƙatar hutun hunturu, a ajiye su a wuri mai digiri 5 zuwa 10 na wata uku zuwa biyar, ana duba ruwansu lokaci-lokaci. Na ƙasashe masu zafi ba a yi musu haka, sanyin zai kashe su.

Samar da sababbin sarauniyoyi

Kafin a gwada wannan dole a fahimci yadda jinsi ke samuwa a wurin tururuwa. Ƙwan da maniyyi ya taɓa mace yake zama, wanda bai taɓa ba kuma namiji. Sarauniya ce ke buɗe jakar maniyyin ko ta rufe yayin da ƙwai ke wucewa. Macen kuma, ko ta zama ma'aikaciya ko sarauniya, a yawancin nau'o'i ya danganta ne da yawan abinci da irin kulawar da ta samu tana tsutsa, da kuma lokacin shekara. Ma'aikata ba sa kashe dukiyar gida a kan renon masu fukafukai sai gidan ya bunƙasa, kuma hakan yakan ɗauki shekaru, sau da yawa uku zuwa biyar ko fiye. Babu hanyar yanke. Abin da ke hannunka shi ne ka wadata su da ƙwari iri-iri ba tare da yankewa ba, ka ba su wuri gwargwadon yawansu, ka kiyaye musu zagayowar yanayi irin na ƙasarsu ta asali, sanyi a lokacinsa, ɗumi da laima a lokacinsu. Alamar nasara ita ce ka ga wasu tsutsotsi sun yi girma ninki biyu ko uku na sauran, daga baya ka ga masu fukafukai suna kai da komo a ɗakunan ƙasa.

Mataki na gaba shi ne ka tanadi gida na biyu, na nau'i ɗaya amma daga wata uwa dabam, kuma a nan ne rubutun da ka yi a jikin bututu zai taimake ka. Dalilin yana da nauyi. A nau'o'i da yawa idan ɗan'uwa ya barbari 'yar'uwarsa, wani kaso mai yawa na ƙwan da ya kamata su zama ma'aikata sai su zama maza marasa haihuwa, masu ci ba sa aiki. An tabbatar da haka a jan tururuwar wuta, Solenopsis invicta, inda sarauniyar da ke haifar irin waɗannan maza da wuya take iya kafa gida, saboda suna cinye guzurinta kafin ta samu ma'aikatan da za su tallafe ta. Idan ba ka da gida na biyu, kana iya kama maza a waje ranar da nau'in ke tashi a yankinka, ka kawo su da gaggawa, domin namijin tururuwa kwanakinsa ƙidayayyu ne da zarar ya bar gida.

Sai ka gina kejin tashi. Firam na katako ko na waya da aka lulluɓe da raga mai ƙananan idanu irin gidan sauro ya isa, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon kyansa, mita ɗaya ko fiye. A shimfiɗa takarda mai laima ko yashi a ƙasa, a kafa 'yan rassa da ciyayi da za su hau, a jera bututun gwaji da aka riga aka shirya aka lulluɓe don wadda ta gama ta samu wurin ɓuya. Lokaci shi ne ginshiƙin al'amarin. Ka lura da gidanka: idan masu fukafukai suka fara taruwa a bakin ƙofa suna leƙe, ma'aikata suna janye su baya, to sun nuna. Waɗanda ke zaune lamo a ɗakin ƙasa ba su kai ba, kuma fitar da su ɓarna ce. Ranar da aka yi ruwa, ko ranar da ka ga nau'in yana tashi a waje, ka fesa ruwa a ragar, ka ɗaga ɗumin wurin kaɗan, ka ajiye kejin inda hasken gari ke shiga ba tare da rana ta buge shi kai tsaye ba, a daidai sa'ar da nau'in ya saba tashi. Sannan ka ɗebo sarauniyoyi daga gida ɗaya da maza daga ɗayan da burushi, maza su fi yawa, kuma kada ma'aikaciya ko ɗaya ta biyo su, domin ma'aikatan wani gida za su far wa baƙi.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce sau da yawa babu abin da zai faru. Za ka ga maza suna ta bugun raga ta ɓangaren haske, matan suna zaune a kan reshe suna gyaran ƙahonni, har yamma ta yi mazan su fara zubewa. Dalilin yana cikin ɗabi'ar nau'in. Akwai waɗanda mazansu ke yin cincirindo can sama, macen ta ratsa cikinsu a guje, kuma irin waɗannan, har da Lasius da yawancin Camponotus, kamar sai sun yi doguwar tafiya a sararin sama sannan sha'awar barbara ke motsa musu, abin da keji ba zai bayar ba. Akwai kuma waɗanda macen ke hawa kan ciyawa kusa da gida, ta ɗaga ciki ta saki ƙamshin da ke kiran maza. Waɗannan su ne ake samun nasara da su, kuma da irinsu ne Alfred Buschinger, masani ɗan Jamus, ya yi ta samar da zuriya bayan zuriya ta dangin Leptothorax a ɗakin bincike, yana kwaikwayon rani da hunturu da na'urar sarrafa zafi. A ganina, wanda da gaske yake son ya ga barbara da idonsa ya kamata ya zaɓi nau'insa da wannan a zuciya tun ranar da ya fita kamu, maimakon ya shekara biyar yana renon nau'in da ba zai taɓa amsawa ba.

Akwai nau'o'in da ba sa buƙatar keji sam. Harpegnathos saltator ta Indiya, idan sarauniya ta mutu, ma'aikata sukan yi karon ƙahonni a tsakaninsu, waɗanda suka yi rinjaye su zama masu haihuwa, bayan sun yi barbara da mazan gidan, shi ya sa ɗakunan bincike ke riƙe ta shekara da shekaru. Monomorium pharaonis da tururuwar Ajantina, Linepithema humile, a cikin gida suke barbara, sarauniyoyinsu da yawa, kuma ana raba gidansu biyu kowane ɓangare ya ci gaba. Sai dai wannan sauƙin shi ne ya mayar da su annoba a duniya, ta farkon ma har asibitoci take addaba, kuma idan 'yan kaɗan suka tsere da tsutsotsi suka shige tsagar bango, fitar da su babban aiki ne. Ban ba kowa shawarar ya ajiye su a gidan da mutane ke kwana ba.

Wannan ya kawo mu ga batun doka da amana, wanda mai ƙoƙarin yawaita sarauniyoyi ya fi kowa buƙatar ji. Jan tururuwar wuta daga Kudancin Amurka ta shiga ƙasar Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Mobile a jihar Alabama wajen shekarun 1930, kuma har yau ba a iya kawar da ita ba. A can galibi ana buƙatar izinin ma'aikatar noma kafin a tsallaka da tururuwa mai rai daga jiha zuwa jiha. A 2025 wata kotu a Kenya ta hukunta wasu matasa biyu 'yan Beljiyam da aka kama da tururuwa kusan 5,000, akasari sarauniyoyin Messor cephalotes, a cikin bututai, ana shirin fitar da su ƙasar waje. Ka kiwata nau'in yankinka, ka san dokar ƙasarka, kuma duk tururuwar da ba a yankin aka samo ta ba kada a sake ta waje ko da ɗaya ce. Idan ta yi maka yawa ka kasa riƙewa, firiza ce mafita, duk da cewa zuciya ba ta so.

Bayan yinin keji, ka tattara kowace mace, wadda ta zubar da fukafukai da wadda ba ta zubar ba, ka sa kowacce a bututunta, ka rubuta ranar da gidajen da iyayen suka fito. Zubar da fukafukai alama ce mai kyau amma ba hujja ba ce, domin akwai wadda ba ta yi barbara ba amma takan karya nata, akwai kuma wadda ta yi ta riƙe su har 'ya'yanta su fito. Ƙwai ma ba hujja ba ne, tunda budurwar sarauniya tana iya yin ƙwai, sai dai sau da yawa za ka gan su a warwatse ba ta damu da tattara su ba, kuma idan sun rayu maza za su zama. Ka mayar da bututan cikin duhu, ka koma dubawa sau ɗaya a mako biyu kamar yadda ka yi da uwarsu. Idan bayan mako shida ko takwas abin da ya fito daga kwanso yana da fukafukai da ƙaramin kai, barbarar ba ta yiwu ba, sai ka duba rubutunka ka sauya sa'a ko ɗumi ko tsawon keji a tashi na gaba. Idan kuwa 'yar ƙaramar ma'aikaciya ce fara-fara, mara fukafukai, tana tsaye kusa da uwarta tana lasar ƙwai, sai ka shirya ɗigon ruwan sukari na farko a kan guntun takardar aluminiyom, ka tura shi bakin bututun da hantsaki, ka mayar da murfin duhun.